Ranar da Gwauro Ya Yi Shiru

Azumin bana ya faɗo mana a tsakiyar bazara, irin zafin nan da tun hantsi mutum ba ya iya jingina da bango. Ni zafin bai dame ni ba, na ga wanda ya fi shi. Abin da ya hana ni sakat wata tukunya ce da Rabi, matar ɗana, ta kwaso mana daga Funtuwa. Murfinta murɗa shi ake yi ya kulle gam, ga wani ɗan ƙarfe zaune a tsakiyar kanta. Wai wake yana nuna a ciki kafin a gama jajjage. Ya nuna mana! Da la'asar ta yi sai ta fara, fiiish, fiiish, tana tofar da tururi, ni kuma tsikar jikina ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya.

Ran farko na ce, "Ke Rabi, wace jaraba ce wannan? Tukwanen duniya sun ƙare ne?"

Ta ce, "Inna, gawayi take rage mana."

Na ce, "Allah wadaran ragi."

Malam, maigidana, yana zaune ƙarƙashin rumfa da carbinshi. Ya juyo da kunnenshi wajen murhu, don shi da kunne yake kallo, ya ce, "Asabe, rabu da ita ta yi kukanta. In dai tana kuka, lafiya lau take."

Ji mutum don Allah. Shi ne ya kamata ya fi kowa tsanar wannan ƙara, domin tururi ne ya cinye mashi idanu, yau shekara talatin da 'yan kai. Duk wanda ya tambaye ni yadda aka yi, nakan ce yayanshi Alhaji ne ya jawo, kuma ban yi ƙarya ba. Sai dai ban taɓa faɗin duka ba. Akwai guntun da na riƙe, ko Malam ɗin ban gaya mawa ba, kuma duk sa'ad da tukunyar nan ta yi huci, guntun nan ne ke motsawa a cikina.

Lokacin muna ƙauyenmu, arewa da Faskari, tun kafin mutanen daji su koro mu cikin gari mu zo mu cushe a gidan haya. Gidanmu gandu ne. Alhaji ne babba, in ya yi magana ta zauna, ƙane ba ya musa mashi a gaban mutane ko da ya ce rana daga yamma take fitowa. Kakanninsu Maguzawa ne, ubansu ne ya musulunta, don haka mu matan gidan ba mu san wani abu wai shi kulle ba. Gona da mu, rijiya da mu, itace da mu. Mu huɗu ne matan da ke da ƙarfin aiki, ni ce ƙarama.

Daminar da ta gabaci azumin shekarar da abin ya faru rowa ta yi mana. Ruwa ya sauka a makare, muka yi shuka, ya ɗauke. Muka sake, ya ɗan yi mana alkawari, dawa na fara fitar da kai ya tafi bai ko waiwayo ba. Dammunan da muka ɗaure ba su kai rabin rumbu ba, ga baki fiye da ashirin a gida. Ana cikin haka man dizal ya ɓace, injinan niƙa na yankin duk suka yi tsit. Sai Alhaji ya yi wata dabara da har yau nake tsine mawa. Ya sayar da shanun nomanmu guda biyu, ya tafi wani gidan gurzar auduga da ya daɗe da rufewa, ya sayo tsohon injin da ba ya shan mai. Wuta da ruwa yake ci.

Da tarakta aka jawo shi, yara na bi suna ihu. Baƙi ne ƙirin, cikinshi kamar an kwantar da rumbu a kan ƙafafun ƙarfe, ga dogon bututun hayaƙi, ga wata ƙatuwar taya a gefe da bel ke zagayawa ya juya injin niƙa. Alhaji ne mai kaya, amma bai san komai a kai ba. Malam ne ya sani. Yana saurayi ya yi cin rani uku a gidan gurzar nan, yana hura wuta a hannun wani tsoho da ya yi aikin jirgin ƙasa.

Ranar da aka fara hura shi, ina juye tulu a duro, Malam ya kira ni yana washe baki kamar an yi mashi haihuwa.

"Zo ki ga abin mamaki. Wuta ba ta iya tura komai da kanta, sai ta shiga ruwa. Ruwan ƙwarya guda in ya zama tururi, wurin da yake nema ya kai rumbu. To mun kulle shi a tukunyar nan, ba shi da hanya sai ƙofa ɗaya, a bayan ƙofar kuma akwai fistan, wani ƙarfe mai kai da komo. Tururin ya ture shi, ya buɗe, ƙarfinshi ya ragu, a sake shi waje. Sabo ya shigo ta ɗaya gefen ya turo fistan ɗin baya. Haka taya ke juyawa."

Na ce, "Tsaya. A sake shi waje? Ruwan da na ɗauko?"

"Dole ne. Wanda ya gama turi in bai fita ba, sabo ba shi da wurin aiki. Ba injin da ke cinye zafin da aka ba shi duka. Kaɗan yake maidawa aiki, sauran zubarwa yake yi."

Na ce, "To ai wannan gwauro ka kawo mana. A sha wahala a dafa a kai mashi, ya ɗan taɓa, ya watsar da saura."

Matan gida suka kwashe da dariya, sunan ya bi shi. Har mutanen Daudawa cewa suke za su kai niƙa wurin Gwauro.

Sai Malam ya daina dariya, ya nuna mani wani abu a gadon bayan tukunyar. Ɗan gajeren bututu ne mai murfi, da dogon hannun ƙarfe, da ɗan dunƙulen nauyi rataye a ƙarshen hannun. Shi bawul yake ce mashi, mu muna cewa hancin Gwauro.

Ya ce, "Ruwan da ke kulle ba ya tafasa a inda na tukunyarki ke tafasa. Wucewa yake yi, ya yi ta haɗiyar zafi yana kwance lamo kamar ba komai. In ƙarfin ya yi yawa, sai murfin nan ya ɗaga ya rage. Ki riƙe wannan, Asabe. Ranar da kika ga wuta na ci sosai, injin na gudu, hancin nan kuma ya yi shiru, ki kwashi yara ki yi ta kanki."

Na ji shi sarai. Kada wani ya ce ban ji ba.

Daga kaka har ƙarshen sanyi abin ya yi kyau, ba zan hana gaskiya ba. Rijiya na da ruwa, kara da totuwar masara ga su nan jibge. Mata na zuwa daga Daudawa, maza na koro jakuna tun daga wajen Sabuwa da 'Yargoje, kowa ya niƙa sai ya bar mana ɗan gari a ƙwarya. Wannan ɗan garin shi ya riƙe gidan da rumbu ya kasa riƙewa. Alhaji ya sayi sabuwar hula, ya kafa kujera a bakin rumfar niƙa yana karɓar gaisuwa.

Da bazara ta kama, rijiyar gari ta fara ja da baya. Aka ƙara igiya, aka sake ƙarawa, guga ta koma fitowa da laka. Matan gari suka fara yi mana habaici a bakin rijiya, daga baya suka daina ɓoyewa. Wata ta tare ni ta ce, "Ɗiyanmu na kukan ƙishirwa, ku kuna shayar da ƙarfe. Allah ya isa." Ban kula ta ba, don ni ma abin da ke raina ke nan. Mai unguwa ya aiko ya ce daga yau ba tulu ɗaya da za a ɗiba a rijiya don injin. Alhaji ya ce ba komai, ai akwai rafi. Da bakinshi ya faɗa, da wuyanmu za a yi.

Rafin nan babu ɗigon ruwa a samanshi, yashi ne fari fat, tafiya ce mai nisa a ƙafa. Ana idar da sallar asuba za mu ɗauki tuluna mu kama hanya. Mu tona yashi da sakaina, da farko iyakar hannu, daga baya har mutum ya shige zuwa ƙugu. Sai ki tsuguna a ramin ki jira ruwa ya tsattsafo, ki kwalfa da ɗan ludayi, ki jira, ki kwalfa. Tulu ya cika, ki naɗa gammo, a ɗora maki. Sawu uku kafin azahar, ɗaya bayan la'asar. Gashin tsakiyar kaina ya cinye tas, wurin ya yi sulɓi, har yau bai dawo daidai ba.

Shi kuwa Gwauro ba ya shan ruwa haka nan, sarki ne. Sai an bar shi ya kwanta a duro, laka ta zauna. Duk da haka lakar ta bi ta daskare a cikin tukunyar, ta shiga tsakanin wuta da ruwa, sai ya zama ana zuba kara ninki biyu kafin allurar agogonshi mai nuna ƙarfin tururi ta motsa. Kara ya ƙare muka koma karan auduga, da kashin shanu, da duk abin da wuta za ta kama. Kuma kara ba shi da haƙuri, ya kama bal-bal ya mutu. In ya kama, ƙarfi ya hau, hanci ya buɗe, fiiish, farin tururi ya miƙe sama. Ina tsaye da gammo a hannu, ina kallon ruwan da na tsuguna na kwalfa da ludayi yana tafiya sama a banza.

A haka aka ga watan azumi. Kai, wannan azumi! Sahur kunun tsamiya ne tsararo, buɗa-baki ma shi ne, sai tuwon garin rogo da miyar busasshiyar tafasa in Allah ya sa an samu. Da rana iska kamar daga bakin murhu take fitowa. Hadari yakan haɗo ta gabas da yamma lis, ya yi baƙi, ya yi rugugi, mu fito da duk wata roba da kwano, sai iska ta zo ta watse shi. Leɓe ya tsage, miyau ya ƙafe, kina tafe ruwa na kaɗawa a tulu daidai kunnenki, wani na zubowa ta bayan wuya, ba ki da ikon lasa. Ki iso ki juye wa ƙarfe ya sha da rana tsaka, shi ba azumi a kanshi. Yanzu Rabi in ta tarar da mutum biyar a layin famfo sai ta dawo tana tsaki, da magariba kuma a aiki yaro sayen ƙanƙara. Nakan dube ta kawai in kau da kai.

Malam ya ga tsakiyar kaina, abin ya dame shi. Ya samo wani dogon bututu, ya haɗa da inda tururin da ya gama aiki ke fita, ya bi da shi ta cikin randuna uku da ya binne a inuwa, wai tururin ya huce ya koma ruwa mu huta. Da sassafe abin yakan yi, ruwa na ɗiga tsaf-tsaf har a tara rabin tulu, mai tsabta kuwa. Kafin hantsi ya ɗaga randunan sun ɗau zafi, tururi ya shiga ta nan ya fita ta can yadda ya shigo.

Na ce, "Ina ruwan?"

Ya ce, "Tururi ba ya komawa ruwa sai ya sami abu mai sanyi ya sauke mashi zafinshi. Zafi wajen sanyi yake tafiya, ba ya hawa wajen wanda ya fi shi. To ina sanyi a garin nan yanzu?"

Na ce, "Ilimin banza ke nan. Ya san dalili, bai san magani ba."

Ya ci gaba da zuba kara. Wannan shirun nashi ma haushi yake ba ni.

Alhaji shi ma hancin nan ya tsaya mashi a rai, amma shi kara yake jin takaici, ba wuyanmu ba. Wata rana a gaban masu niƙa ya ce, "Wai abin nan mai fito, ba a ɗaure shi ne? Ƙarfin da ya kamata ya shiga taya shi yake watsarwa."

Malam ya ce, "Yaya, in aka ɗaure shi, duk wanda ke rumfar nan ya mutu."

Alhaji ya gyara hula ya ce, "Shanuna na sayar na saye shi, yau kuma ƙanena ne zai koya mani kayana a gaban mata?" Malam ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Amma daga ranar bai ƙara barin injin da wuta a ciki ba, ko sallah a gefenshi yake yi.

Saura kwana uku sallah, kara ya ƙare ƙaf, ga mata sun yi dafifi da ɗan abin da kowa ta tanada don tuwon sallah. Alhaji ya ce Malam ya kora jakuna Daudawa ya ɗauko totuwa, shi zai riƙe wutar da ragowar da ke ƙasa. Malam ya so ya yi magana, ya dubi mutane, ya haɗiye. Ya dai ce, "Yaya, kaɗan-kaɗan za ka riƙa zubawa." Ya tafi yana waiwaye.

Na dawo sawu na uku, idona na ganin duhu-duhu. Na juye tulun ke nan, Alhaji ya antaya totuwa a wuta, hanci ya buɗe ya yi wani dogon huci da ya ƙi ƙarewa. Wallahi ji na yi kamar a fuskata aka tofa. Sauran mata sun shige gida, masu niƙa na can ɗaya gefen rumfa, ƙarar injin ta rufe komai. Na matsa kusa da Alhaji na ce, "Alhaji, wai ba mai iya rufe wa abin nan hanci ne? Ko sai wuyanmu ya karye?"

Ya ce, "Mijinki ne ya hana."

Na ce, "Ai ba ya nan."

Ya dube ni, ya dubi hancin. Ya ce, "Nauyin da ke jiki ne ya yi kaɗan. Da za a sami abu mai nauyi."

Wannan shi ne guntun da na riƙe. Ni na shiga ɗaki na ɗauko ɗan dutsen niƙana, wanda innata ta ba ni da aka kawo ni gidan, mai ɗan giɓi a gefe guda inda ya taɓa faɗuwa. Tun zuwan Gwauro ban ƙara taɓa shi ba. Na naɗe shi a tsumma na miƙa wa Alhaji ta saman danga, ba wanda ya gani. Ya taka ƙafar injin, ya ɗaure shi da igiya a ƙarshen hannun ƙarfen. Hanci ya yi ɗif.

Na ji daɗi. Zan faɗa yadda yake, na ji daɗi har cikin ƙashina. Gwauro kuwa ya kama gudu irin wanda bai taɓa yi ba, gari na zuba, mata na shewa, Alhaji na dariya yana ƙara totuwa yana cewa, "Kun gani ko? Kun gani?" Maganar Malam ta faɗo mani a rai, wuta na ci, injin na gudu, hanci ya yi shiru. Ban kwashi yara ba. Na sami inuwar danga na zauna, na miƙe ƙafa, na lumshe ido ina jin daɗin rashin hucin nan.

Daf da azahar Malam ya ɓullo da jakuna. Tun daga nesa ya ga baƙin hayaƙi, ya ji bugun injin, bai ji abin da kunnenshi ke jira ba. Ya saki jakunan ya sheƙo. Allurar agogo ta wuce jan layi ta kwanta, ƙusoshin jikin tukunyar sun fara tsattsafo da ruwa. Ya daka tsawa, "Ku tashi! Ku gudu! Ku bar nan!" Ina! Wa za ta bar ƙwaryar hatsinta a shekarar yunwa? Kowa ta duƙa tana tattara nata, mai goyo na neman murfi, wata na faɗa wai an taka mata layi. Ya buɗe bakin wutar, ya ga garwashi cike har sama, ya san kafin ya kwashe an gama. Sai na ga ya taka taya ya haye gadon bayan ƙarfen nan da ko yatsa ba a iya ɗora mawa. Ya kama dutsen da hannu ɗaya, ya zaro wuƙa da ɗayan, ya yanke igiya.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kuma ba na fata in ƙara ji. Ruwan nan da ke kwance lamo, da ya sami ƙofa, sai ya tashi gaba ɗaya. Rumfa ta cika da fari, ba mai ganin wani, mata na kururuwa, jakuna suka bazama. Da ya lafa, tukunya na nan ba ta fashe ba, ba mace ɗaya da ta ƙwarzane. Malam na kwance a ƙasa ya rufe fuska da hannuwa, bai yi ko ihu ba, salati kawai yake yi. Na ɗauki guntun ruwan da ya rage a duro na juye mashi, ragowar wanda na ɗauko da kaina.

A motar ɗaukar hatsi aka kai shi asibiti Funtuwa. Bayan an tafi da shi na koma na lalubo dutsen a cikin toka, na kai shi rafi na binne a ramin da nake kwalfar ruwa. Da mai unguwa ya tara mutane, Alhaji ya miƙe ya ce, "Ni na ɗaure." Bai ambaci sunana ba, a ranar ko bayanta. Kuna tsammanin na gode mashi? Tsanarshi ce ta ƙaru a raina, don duk sa'ad da muka haɗa ido na san ya sani. Gaisuwa ma sai dole. Na zage shi a gaban ɗiyana, na zage shi a gaban baƙi, ranar da ya rasu ko ƙwalla ban yi ba.

Kwana tara bayan sallah ruwa ya sauka, Malam na kwance a asibiti fuska a naɗe. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, indararo na zuba, durorin Gwauro suka cika suka tumbatsa, rafi ya kawo har ya hana mutane wucewa. Na tsaya a tsakar gida ruwan na dukana, na rasa wa zan zaga. Fatar fuskar Malam ta warke da tabo, idanun suka yi fari suka tafi. Ba a ƙara hura Gwauro ba. Kaji suka riƙa yin ƙwai a bakin wutarshi, daga baya masu sayen tsohon ƙarfe suka yanka shi suka tafi da shi. Ni kuma na zama sandar Malam, masallaci, gona, kasuwa, har hanyar da muka gudo cikin gari hannunshi a kafaɗata yake.

Jiya ne abin ya zo kai. Kullum ina yi wa Rabi faɗa a kan tukunyar nan, yarinyar kirki, sai ta ga bari ta faranta mani. Ina kwance a ɗaki bayan la'asar, azumi ya kwantar da ni, ina jin daɗin shirun gidan, sai na ji muryar Malam daga rumfa, irin muryar da ban ji ba tun waccan rana.

"Asabe! Tukunyar nan ta yi shiru, kuma ina jin ƙamshin wuta."

Ban san ina da sauran gudu a jikina ba. Na tarar ta ninke tsumma ta rufe ɗan ƙarfen, ta danne da guntun bulo, ga jikokina biyu tsugune gaban murhu suna jiran wake. Na fizge su na wurga bayana. Hannuna ya tafi wajen bulon, Malam ya ce, "Kar ki taɓa kan! Janye wutar!" Na sa itace na ture garwashin daga ƙarƙashi, muka ja da baya, muka tsaya har ta huce.

Sannan na juya kan Rabi. Ba abin da ban ce mata ba. Na ce mata sakarya, na ce marar hankali, na ce so take ta kashe ɗiyanta da hannunta, na ce wace irin mace ce za ta ga abu na numfashi ta toshe mashi hanci. Tana kuka tana cewa, "Inna, don ke na yi, na ga ba kya son ƙarar." Wannan ya ƙara tunzura ni, na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo.

Malam ya bari sai da Rabi ta kwashi yaran ta shige ɗaki, maƙwabta suka janye. Ya ce a hankali, "Ya isa, Asabe. Ita ba a taɓa gaya mata ba."

Na juyo na dube shi.

Ya ce, "Dutsen nan mai giɓi a gefe. Sau nawa na miƙo maki shi daga bayan ƙofa? Hannuna ya gane shi tun kafin in yanke igiya."

Na zauna a ƙasa gabanshi. Kunya ce ya kamata in ji, amma fushi ne ya fara zuwa. Na ce, "Ka sani? Shekara talatin ka sani, ka bar ni ina zagin yayanka, yana raye ina zaginshi, ya mutu ina zaginshi, ba ka ce mani uffan ba?"

"Shi ya ce kar in faɗa. A asibiti ya same ni, ya ce shi ne babba, shi ya kamata ya hana ki, a bar mashi."

"Kai fa? Kai ba ka da baki?"

Ya miƙo hannu yana lalube har ya sami kaina, ya ture kallabi, ya ɗora yatsunshi daidai wurin da gashi bai dawo ba. Ya ce, "Ni na ce na iya hura shi. Da na ce ban iya ba, da tarakta ta maida shi inda ta ɗauko shi."

Na ture hannun. Muna nan zaune har aka kira magariba. Na tashi na ɗebo ruwa a randa, na kama hannunshi na sa mashi moɗar kamar kullum. Ya riƙe, bai kai baki ba, ya maido mani.

Ya ce, "Fara sha. Kuma in kin idar da sallah, ki sa Alhaji a addu'a."

Na sha. Na yi sallah, na ɗaga hannu, na buɗe baki in kira sunan mutumin nan da alheri, karo na farko. Sai da na yi sau uku kafin ya fito.